Ranar da Ma'azu Ya Dawo da Zabuwa

A tashar motar Wurno babu wanda ya naɗa Ma'azu Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, shi ya sayi fenti ya rubuta a jikin teburinsa, kuma shi kaɗai yake kiran kansa da shi ba tare da dariya ba. Sana'arsa gyaran rediyo da tocila da waya. Idan ka kai masa rediyo mai shaƙaƙƙiyar murya, zai dawo maka da shi ya yi shiru gaba ɗaya, sannan ya ce ka gode wa Allah da ya raba ka da surutu.

Teburin nasa a tsakiyar rana yake, ƙarƙashin wata lema da ramukanta suka fi yadinta yawa. Kusa da shi kuwa akwai rumfar kwano mai sanyi, a gindin dogon yaro, daidai bakin ƙofar tasha inda kowane fasinja sai ya bi. Telan da ke cikinta ya koma birnin Sakkwato, rumfa ta zama ba mai ita. Mutum biyu suka sa mata ido: Ma'azu, da Sa'adiyya mai tuwo, wadda ita ma rana ke gasa ta tare da tukwanenta. Kuma duk mun san maganar rumfa tana hannun mutum ɗaya, Baba Mainasara, tsohon direba, uban tasha.

Ana nan sai Baba Mainasara ya ce ƙafafunsa sun gaji, zai koma gida ya huta. Direbobi suka ce ba zai tafi haka nan ba, sai an yi masa walima, an gayyato na Rabah da na Goronyo da na Achida. Abin da ya gagara shi ne kyautar da za a ba shi. Manyan riguna yana da su har asu na ci. Darduma da buta kuwa, in ya ga dama ya buɗe shago. Bashar, shugaban direbobi, ya zauna a bencin Sa'adiyya yana cin tuwo yana magana shi kaɗai.

"Tsohon ga ba shi da zance sai na Zabuwa, motatai ta hwarko," in ji Bashar. "Ga shi ko hotonta babu. Da akwai, da mun kai an wanke muna babba."

Ma'azu yana can yana ƙarasa kashe wayar wani da sunan gyara, amma kunnuwansa suna bencin tuwo. Ya taso yana gyara hula.

"Haba Shugaba! Ina raye kuna zancen hoto? Ni za ni ƙera muku ita. Ƙarama, wadda za a aza bisa tire, da tayunta da gilashinta da komi. In Baba ya gan ta sai ya laluba aljihu neman makulli."

Sa'adiyya ta ajiye muciya ta dube shi.

"Kai da nib ba tocila, kam maido mani ita sai an buga ta ga bango taka kamawa?"

"Sa'a, ki ji da miyakki. Zabuwa ni na san ta. Na shige ta ina ƙarami, gidan gaba ma."

"Zabuwa ta bar hanya tun ba a yi armen Innakku ba. Daga cikin wane ciki kash shige ta?"

Masu cin tuwo suka fashe da dariya, har wani ya ƙware. Ma'azu ya ce wannan hassada ce, kuma hassada ga mai rabo taki ce. Bashar ya lashe yatsunsa ya yanke magana.

"Ranar walima Baba za shi ba da runhwa, shi na aikinai na ƙarshe. In ya dubi motakka yac ce ita ta, ni da kaina za ni roƙa maka. In bai ce ba, Sa'adiyya ta kwashi tukwanenta ta shiga. Amma kada zancen ga shi kai kunnenai kahin ranar."

Ma'azu ya ce Sa'adiyya ta fara neman lema tun yanzu, tasa ma zai iya sayar mata.

Washegari ya hau mota zuwa Achida wurin Kamilu, ƙanin matarsa, mai sayar da kayan wasan yara na gwanjo. A cikin dilar da Kamilu ya fasa akwai wasu kwalaye uku na irin wasan nan da ake haɗa ƙananan gutsattsarin roba su zama abu guda. Ɗaya hoton tsohuwar mota ne a jikinsa, ɗaya jirgin sama, ɗaya jirgin ruwa. Babu ko ɗaya da ya cika, domin yaran da suka fara mallakarsu a can ƙasarsu sun riga sun yi musu nasu aikin injiniyanci.

"Yaya, motag ga rabinta babu," in ji Kamilu. "Gaba ɗai ag gare ta, da taya ukku."

"Abin da mota tar rasa, jirgi na da shi. Dut ƙarhe guda na."

"Roba ta, Yaya."

"To dut roba guda ta. Zuba mani su."

Kamilu ya haɗa masa da gam irin mai kamawa nan take, ya ce ɗigo ɗaya ya isa. Ya kuma miƙa masa takardun da ke nuna yadda ake haɗawa, masu zane-zane da wani rubutu na ƙasar da ba mu sani ba. Ma'azu ya karɓa, ya ce takarda ta masu koyo ce. Kafin ya fita kasuwar Achida ya bai wa mai ƙosai ta naɗe masa na karin kumallo a ciki.

Saura abu ɗaya ƙanƙane: bai san kamannin Zabuwa ba. Ba zai tambayi Baba ba, ba kuma zai tambayi 'yan tasha ba, tunda ya riga ya ce ya zauna a gidan gabanta. Sai ya bi sawun tsofaffi a asirce. Ya yi sammako zuwa Rabah, don a zamanin nan ba mai son yamma ta riske shi a kan hanyar, aka kai shi wurin Kaka Hauwa'u, wadda a cikin Zabuwa aka kai ta gidan miji. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ya zo ne ya gwada ko tana tunawa.

"Tsanwa ta, shar, kamar ganyen albasa," in ji tsohuwar. "Bayanta buɗe, dogo. Ni da gadona da tasoshina da ƙawayena dut ta kwashe mu, har da akuya."

"Haka nan na, Kaka. Yadda nis san ta ke nan."

"To in kas sa mata wani launi, ɗan nan, ban yahe ba. Za ni zo walimar da ƙahwata in gani."

Da ma ya tsaya a nan da ya huta. Amma wani ya ce masa ai tsohon yaron motar Baba yana nan da rai a Goronyo, Malam Bilyaminu, yana sayar da busasshen kifi. Ma'azu ya ce bincike ba ya yawa, ya tafi. Ya same shi yana korar ƙudaje da mafici, ya kawo masa zancen tsanwar Zabuwa. Tsohon ya kusa kifar da tiren kifi.

"Tsanwa? Wa yah hwaɗa maka? Hwara ta, sol! Ni ka wanke ta kullum sahiya."

"Kaka Hauwa'u ta Rabah tac ce..."

"Amaryar da anka lulluɓe ma kai da zane, tana kuka tun daga ƙohwar gida har ɗakin miji, mi tag gani? Hwara ta, nic ce maka. In kas sa tsanwa, wallahi cikin taro za ni tashi in ƙaryata ka."

"Ai ni ma hwara nis san ta, Malam. Gwada ka ɗai nika yi."

To, a ƙasarmu ba a ce wa tsoho ya manta. Ka ce wa Kaka Hauwa'u idonta bai gani ba, ka ja wa kanka baki. Ka ce wa Malam Bilyaminu hannunsa bai wanke fara ba, ka ja wa kanka tsinuwa da ƙarnin kifi. Mutum mai hankali da ya koma wurin Bashar ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ma'azu kuwa tun a cikin motar dawowa ya buga cinyar fasinjan da ke kusa da shi ya ce ya gano. Mota ai gefe biyu gare ta. Gefen dama zai yi shi tsanwa ya juya wa mutanen Rabah, gefen hagu fari ya juya wa na Goronyo, kowa ya ga gaskiyarsa ya koma gida.

Ya mayar da zauren gidansa gareji. Ya hana kowa shiga, sannan ya bar ƙofa a buɗe don masu wucewa su ga yana aiki. Gaban mota ya fito daga kwalin farko. Baya kuwa, tunda Kaka ta ce buɗaɗɗe ne dogo, ya liƙa gangar jikin jirgin ruwa, sai motar ta samu wutsiya mai tsini. Fukafukan jirgin sama ya ɗora su a kan rufi ya ce wurin ɗaure kaya ne, ko da yake sun fi motar faɗi nesa ba kusa ba. Taya ta huɗu ce ta ba shi wahala, har Allah ya nuna masa silifas ɗin matarsa Bilki a bakin ƙofar ɗaki.

"Malam, ina takalmina guda?" in ji Bilki daga tsakar gida.

"Ya shiga tarihi."

"To ni in shiga kasuwa da mi?"

"In munka samu runhwa, takalmi mai tsini za ki sa."

"In dai runhwag ga ta wagga aba za ta hito, gara in hwara koyon tahiya ba takalmi."

Sai batun gam. Kamilu ya ce ɗigo ɗaya, Ma'azu ya ce ɗigo ɗaya na marowata ne, ya matse kusan rabin kwalba. Ƙofar motar ta manne a babban yatsansa. Ya tsaya yana tunanin yadda zai cire ta, ya kai ɗaya hannun, mai riƙe da sitiyari, ya sosa gemu kamar yadda manyan masana ke yi, sitiyari ya manne a gemun. Daidai nan aka kira la'asar. Ya cusa hannu cikin aljihu, ya rufe haɓa da ƙyalle, ya nufi masallacin unguwa. A wurin alwala dole komai ya fito fili, kuma Liman yana tsugune kusa da shi.

"Ma'azu, mi an nan ga yatsanka?"

"Ƙohwar mota ta, Allah shi gahwarta Malam."

"Na gemun hwa?"

"Sitiyari na."

Liman ya ƙura wa gemun ido, da alama yana duba ko littattafai sun taɓa kawo irin wannan mas'ala.

"To, ruwa dai ba su taɓa hwata ba inda gam yar ruhe. Alwala ba ta yi ba. Sai ka sauke kayan motar tukuna."

Aka yi salla aka sallame, Injiniya yana waje yana goga yatsa a jikin dutse. Gemu kuwa sai da aka kira wanzami. Ya aske gefen da sitiyari yake, ya ga abin ya karkace, ya aske ɗaya gefen don a daidaita, ya ga ya wuce, haka dai har haɓar Ma'azu ta fito tas irin wadda ba mu gani ba tun yana saurayi. Da ya zo tasha ya ce haka injiniyoyin ƙasashen waje suke yi, don kada inji ya kama su. Sa'adiyya ta ce ai ta ji labari, nasa injin ya riga ya kama.

Sitiyarin bai tsira daga askar wanzami ba. Ma'azu ya duba teburinsa, ya ga rediyon wani manomi mai suna Ismail da ya kawo gyara, ya cire maɓallin da ake murɗawa a canza tasha ya liƙa a motar. Da Ismail ya zo karɓa ya juya rediyon gaba da baya.

"Ina abin murɗawa?"

"Na daidaita maka shi ga tasha guda, don kada hankalinka shi rarrabu. Manomi ba shi son yawan labari."

"Tashar da kad daidaita shi, ba a komi cikinta sai shuuu."

"Ka yi haƙuri, za su dawo."

Fenti ya samo wurin mai fentin ƙofofi, kore da fari. Ya ga ya yi kauri, ya tsinka shi da fetur. Bai daɗe da shafawa ba robar ta fara ƙuraje, ta yi tabo-tabo daga hanci har wutsiya. Maƙwabta da ke leƙe ta ƙofar zaure suka ce motar ta kamu da ƙyanda, a kai ta asibiti tun ba ta shafa wa yara ba. Ma'azu ya leƙo ya ce jahilci ciwo ne, a ina suka taɓa ganin zabuwa ba ɗigo-ɗigo? Don gudun kaji da masu mugun ido, ya ɗauke ta ya ɓoye a rudun albasar maƙwabcinsa, wato rumbun karan da ake adana albasa, ya ce ta bushe a can cikin natsuwa. Bai lura ba ashe albasar ƙasa ta fara ruɓewa.

Ranar walima da hantsi ya ɗauko ta ya ajiye a tsakar gida, ya ja da baya yana kallonta da murmushi. Bilki ta fito daga ɗaki, ta yi tsaye cak, ta kai bakin zane ga hanci. Gam da fetur da fenti da ruɓaɓɓiyar albasa sun haɗu sun zama wani sabon abu wanda har yau ba a samo masa suna ba. Shi kuwa gwano ba ya jin warin jikinsa.

"Malam, wagga aba za ka aza gaban dattijai? Wallahi kahin a yi addu'a an watse."

Nan Ma'azu ya tuna abin da kowa ya sani, cewa ba a kai wa babba kyauta sai an turara ta. Riga ko zane ko darduma, sai an kifa kwando a kan kasko an ɗora, ƙamshi ya shiga jikinsu. Ya ce ta kawo kasko da garwashi da turaren wutanta mai kyau, wanda take ɓoyo.

"Tuhwahi aka turarawa, Malam. Roba ba ta son wuta."

"Robar bokitinki kika zance. Wagga robar Turai ta, da irinta aka zuwa wata."

Ya ɗora kasko a kan babban tire, ya zuba garwashi da hannun kyauta, ya barbaɗa turare. Ya sa ragar waya a bakin kaskon, ya zaunar da Zabuwa a kai, ya kifa kwando, ya lulluɓe da sabon zane. Kuma dabara ta ƙara zuwa masa: ba zai cire ta ba, haka zai ɗauki tiren da kaskon da komai har gaban Baba, don idan ya yaye zane motar ta bayyana a cikin hayaƙi mai ƙamshi kamar yadda ake yi a talabijin. Ya gargaɗi Bilki kada ta kuskura ta ɗaga, ya shiga wanka. Ya ɗauki lokaci wajen zaɓen hula, domin haɓa marar gemu ba kowace hula take karɓa ba.

An cika tasha maƙil. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujerun roba, an ɗaura lasifika. Mutanen Rabah suna dama, Kaka Hauwa'u tana cikin mata a bayansu. Na Goronyo suna hagu, Malam Bilyaminu a sahun gaba ya sha farar riga. Baba Mainasara yana tsakiya da sandarsa, ana ta yabonsa, ana cewa tsawon zamaninsa a kan hanya ko kaza bai taɓa takawa ba. Sai ga Ma'azu ya keto taro da tire a kai, hayaƙi na fita ta gefen zane. Ya ajiye a gaban Baba, ya juya tiren sosai yadda dama za ta kalli Rabah hagu ta kalli Goronyo, sannan ya karɓe makirufo daga hannun Bashar ba tare da an ba shi ba.

Ya yi bayanin yadda ya fara injiniyanci tun yana goye. Ya yi bayanin wahalar bincike. Ya gode wa masu hassada, yana kallon wajen tukwanen tuwo. Yana cikin haka hayaƙin ya tashi daga fari ya koma baƙi, na sahun gaba suka fara tari.

"Injiniya," Sa'adiyya ta ɗaga murya, "abinka na ƙonewa."

"Hayaƙin salansa na, Sa'a. Mota mai rai ba ta rasa hayaƙi."

Ya kama bakin zane, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya yaye tare da kwandon.

Babu tsanwa, babu fari. Wani baƙin dunƙule ne ya narke ya bi ta ragar waya ya zauna daram a cikin kasko. Hancin ya lotse, rufin ya rufta, fukafukan sun naɗe sun rungume wutsiya. Tayar silifas ce kaɗai ta ci gaba da aiki, tana ci da 'yar wuta a hankali. Kowa ya zuba wa kaskon ido. Sannan wani direban Achida ya fashe da dariya, taro duka ya ɗauka, har da masu kwanciya a tabarma. Ma'azu ya tsaya da kwando a hannu, idanunsa suna neman hanyar da ta fi kusa da ƙofa.

Sai Baba Mainasara ya dogara sanda ya miƙe. Dariya ta mutu. Ya matso, ya sunkuya a kan tiren, ya daɗe yana kallo. Muka ga idanunsa sun ciko.

"Ita ta," ya ce a hankali. Makirufo yana kusa, kowa ya ji.

Ran Ma'azu ya dawo jikinsa nan take. Ya yar da kwando ya ɗaga hannu sama.

"Kun ji! Kun ji da kunnuwanku! Shugaba, ka ji? Masu dariya, ina dariyar? Da gangan niy yi ta hakanga! Wanga shi aka kira bincike mai zurhi, ba kowane kai ka ɗaukatai ba!"

Baba bai dube shi ba. Ya nuna tiren da bakin sanda.

"Har da kaskon," ya ce. Sannan ya juya hagu. "Bilya, kai kah hwaɗa mai?"

Malam Bilyaminu ya zabura ya miƙe, hularsa ta faɗi.

"Wallahi Maigida ban hwaɗa ba! Ban taɓa ce ma kowa kai kas sa kaskon shayi gindin giyar mota ba! Ban ce ta ƙone ƙurmus bisa hanyar Rara da albasar mutane ba! Ni abin da munka shirya shi nika hwaɗi kullum, an sai da ta ga wani Alhaji na ƙetare!"

Sai da ya gama rantsuwar ya lura tasha duka tana saurarensa. Ya zauna a hankali, ya manta da hular. Daga cikin mata muryar Kaka Hauwa'u ta keto.

"Ashe! Albasar marigayi maigidana na ciki, kac ce muna ruɓewa tay yi ga hanya! Mainasara, ka ji tsoron Allah!"

Na ji kunya ta kama ni a madadin tsohon nan. Mutumin da yanzun nan ake cewa ko kaza bai taka ba, ga asirin da ya binne tun ba a haifi yawancinmu ba an tono shi an aza a tire, an turara, an kawo masa a gaban baƙi. Amma dattijo dattijo ne. Ya share ido da bakin rawani, ya ce wa Kaka Hauwa'u zai zo Rabah da kansa ya nemi gafara. Sannan ya juyo ga Ma'azu, muryarsa ba faɗa a ciki.

"Ɗana, hwaɗa mani gaskiya gaban jama'a. In wuta tac ci maka aiki kamar yadda tac ci nawa, ka ce kuskure na. Ni na san abin da kasko ka yi ma mutum. In yahe maka, in ba ka runhwa, don ka wahala sabili da ni. In ko da gangan kay yi, don ka tona ni ranar da ɗiyana ka girmama ni, to ka ɗauke teburinka daga tashag ga yau."

Wallahi ban taɓa ganin an buɗe wa mutum ƙofa mai faɗi irin wannan ba. Bashar ya matso yana raɗa masa ya faɗi kawai. Bilki ta manta da kunya ta ɗaga murya daga bayan mata, ta ce Malam ka ce kuskure na, ni shaida ce. Har Sa'adiyya, wadda kalma ɗaya daga bakinsa za ta raba ta da inuwa, ta ce, "Ka hwaɗi, Ma'azu. Rana ba ta da daɗi, ni na sani."

Ma'azu ya dubi rumfa. Inuwar dogon yaro ta kwanta a kanta, iska tana kaɗa ganye. Ya dubi taro, mutanen gari huɗu sun zuba masa ido. Ya dubi makirufon da ke hannunsa. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Muka ga kalmar ta taso har maƙogwaro, ta tsaya a nan.

"Baba," ya ce, "injiniya ba shi kuskure."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya koma ya zauna.

"Sa'adiyya, kwaso tukwanenki."

Bashar ya yi wa direbobi biyu alama. Suka kama teburin Ma'azu, ɗaya gaba ɗaya baya, suka nufi ƙofar tasha da shi, gawawwakin rediyo suna karo da juna a kai. Ma'azu ya bi bayansu cikin babbar riga, zufa na bin haɓarsa, yana faɗa musu ba haka ake ɗaukar tebur ba, su tsaya ya koya musu.